Kuyangar da Littafi Ya Manta

Littafin ya iso gidanmu a Gadarif, nan ƙasar Sudan, a cikin dilar atamfa ne. Kawuna mai shago a kasuwa ya tsince shi da ya kwance kayan da aka aiko masa daga Kano, an cusa shi can tsakiya, ko tsaraba ce ko mantuwar wani, ba mu taɓa sani ba. Bangon gaba ya yage, shi ya sa har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Kawu ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan rubutun Nasara ne, ya miƙo mini tunda ni ce na yi sakandare.

Mu nan Hausa a baki take. Da ita muke ciniki da faɗa da rarrashin yara, amma in za a rubuta, Larabci ake rubutawa. Na zauna ina haɗa baƙaƙen da na koya a darasin Ingilishi, ban yi aune ba sai na ji bakina yana fitar da maganar gidanmu. Na karanta layin farko sau uku, sannan na ruga na karanta wa kakata, uwar mahaifina, wadda duk unguwa ke kira Habboba kamar yadda ake kiran kaka a nan. Ta saurara, ta ce: "Wannan Hausar mutanen da ce. Ki ajiye sai la'asar, mata su ji."

Lokacin kakar riɗi ne. An kawo buhuna daga gonarmu ta garin Doka, kuma kullum bayan la'asar matan layinmu sukan taru a rakubar gidanmu, wato rumfa, kowacce da faifai a cinya, ana tsince tsakuwa da ƙaiƙayi, jabana, butar gahawa, tana kan gawayi. Aiki ne mai cin ido da ƙosar da rai, sai da hira yake tafiya. Daga ranar aka daina gulmar unguwa, aka koma sauraron littafi.

Sai na faɗi wace ce Habboba a wannan zaman, don a gane abin da na aikata. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma a gefen bakinta akwai tsaga uku-uku, dama da hagu, kamar gashin bakin kyanwa. Duk unguwa an san labarin tsagar: ta gidan sarauta ce. An ce mahaifiyarta 'yar sarki ce da ta baro ƙasar Hausa a ƙafa za ta Makka, Allah ya tsayar da ita a nan. Saboda haka finjalin farko na jabana nata ne a kowane taro. Ba a fita da amarya a layinmu sai ta ɗora mata hannu a ka. In mata biyu suka saɓa, gabanta ake kai su, kuma abin da ta ce ya zauna. Mutum ɗaya ce kawai ba ta taɓa haɗiye labarin duka ba, maƙwabciyarmu mai sayar da kisra, wainar dawa ta nan, mace mai baki kamar reza, wadda takan ce a bayan ido ita dai ba ta taɓa ganin sarautar da babu rawani ba.

Ni kuwa na haɗiye shi har da ƙashi. A makaranta, in 'yan ajinmu suka yi mana gorin cewa mu baƙi ne masu yankan dawa, nakan ɗaga hanci in ce kakata jikar sarki ce, ku fa? Da wannan maganar na yi ta kare kaina shekara da shekaru. Ba ni da wata garkuwa sai ita.

Labarin littafin na zamanin da ne, a wata masarauta. Gimbiya ce ta kamu da son ɗan galadiman wani gari da ke gaba da garinsu, wanda aka kama a yaƙi aka tsare a gidan ubanta da rauni a kafaɗa. Kuyangarta ce ke kai masa abinci, ita ke kai saƙo ta dawo da amsa. Ban taɓa ganin labari ya kama mutane haka ba. Mai kisra ta ɗauki ɓangaren saurayin tun ranar farko, in ya buɗe baki sai ta buga cinya ta ce: "Ya salam! Haka ake namiji, ba irin namu masu dawowa daga gonakin Fashaga su yi ta minshari ba." Matar kawu ta ce gimbiyar ba ta da kunya, 'yar sarki guda tana leƙen namiji ta taga, amma ita ce ke fara zuwa ta kama wuri kusa da ni. Akwai wata amarya da ke kuka har hawaye ya ɗiga a riɗinta, aka yi ta tsokanarta cewa kantunta ba ya bukatar gishiri. Mahaifina ma, wanda ya ce wannan shirmen mata ne, sai ga shi kullum da buhun da zai ɗinke a bayan danga, buhu ɗaya har kwana tara bai gama ba.

In muka ci karo da kalmar fada da ba mu sani ba, Habboba ake juyawa a kalla. Ita ta gaya mana mece ce jakadiya. Ita ta nuna mana yadda ake durƙusawa a miƙa ruwa ba tare da an haɗa ido ba, da gefen da mai fifita ke tsayawa, da yadda ake ninke alkyabba don kada zaren ya karye, da ƙofar da tukunya ke shiga wadda ba ita ce ƙofar da mutane ke shiga ba. Mata suka yi ta jinjina kai suna cewa jini ba ya ɓuya. Yanzu da na girma nakan yi mamakin kaina. Duk abin da ta sani na fada, sanin mai aiki ne. Ba ta taɓa gaya mana yadda ake zama a karɓi ruwan ba.

Da yake karatuna na boko bai nuna ba, nakan bi shafukan da safe ni kaɗai kafin la'asar, don kada in ji kunya a gaban mutane. A wata safiya irin wannan na iso wurin da marubucin ya tsaya siffanta kuyangar. Ya ce tana da tsaga uku-uku a gefen baki, dama da hagu, shaidar da ake yi wa bayin da aka haifa a gidan sarki don a gane su duk inda suka shiga. Na koma na sake karantawa. Na sa yatsa na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Habboba tana tsakar gida a lokacin tana watsa wa kaji tsaba, rana tana haska gefen fuskarta.

Na gaya wa kaina littafin ƙirƙira ne, marubuci yana iya rubuta abin da ya ga dama. Amma ban gamsu ba. Na tuna mai kisra da bakinta. Na tuna finjalin farko. Kuma, don in faɗi gaskiya, na fi tuna 'yan ajinmu. A duk layin babu mai iya karanta wannan rubutun sai ni. Abin da bakina ya faɗa, shi ne littafin.

Da la'asar ta yi, da na iso wurin, sai na ɗauke tsagar daga fuskar kuyanga na ɗora ta a fuskar gimbiya. Na ce ita ce shaidar 'ya'yan sarki mata. Rakuba ta kaure. Amarya ta ajiye faifai ta rangaɗa guɗa, matar kawu ta ce: "Habboba, ga tsagarki a littafi!" Aka juya ana kallon mai kisra, ita kuwa ta ɗaga hannu biyu ta ce: "Halas, na tuba. Takarda ta yi magana." Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Habboba ba ta yi murmushi ba. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta mai da kai ga faifanta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan 'yan kwanaki labari ya kai inda masoyan za su gudu. Kuyangar ta sa kayan gimbiya ta kwanta a gadonta ta lulluɓa, gimbiya ta sa tsumman kuyanga ta ɗauki tulu ta fice ta gaban masu gadi. Da aka yaye mayafin da safe, tsagar ce ta tona asiri, aka ja yarinyar zuwa gaban sarki. Dole na sake juya magana, na ce sun yaye sun ga fuska babu tsaga. Mai kisra ta dakatar da ni.

"Tsaya, 'yar nan. To masu gadin makafi ne? Gimbiya ta wuce da tsagar sarauta a fuska ba su gani ba?"

Na ce ta rufe baki da gefen zane. Ta ce to, amma ta ɗan jima tana kallona. Sauran ba su damu ba, hankalinsu yana kan hanya: ko dokin zai kai su kogi, ko za a cim musu, ko raunin kafaɗarsa zai buɗe. Aka tashi ana ta muhawara har bakin ƙofa.

Washegari da hantsi ina shafa wa Habboba man riɗi a ƙafa, tana zaune a bakin gadonta, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Ke in kina karatu, yatsanki yana kan takarda, kina tuntuɓe kamar jaki a laka. Sau biyu na ga kin ɗauke yatsa, bakinki ya kama gudu."

Hannuna ya tsaya.

"Wa ke da tsagar, ya bitti, 'yata?"

Na ce: "Kuyangar ce." Sai kuka ya ƙwace mini.

Ta ce: "Na sani."

Ba tausayinta na fara ji ba, haushi na ji. Na ji kamar an shiga ɗakina an kwashe abin da na fi so, kuma ɓarawon shi ne wanda ya ba ni. Na ce mata me ya sa, me ya sa ta bar mu muna ta faɗa a gari. Daga nan sai na koma roƙo. Na ce Habboba, babu mai iya karantawa sai ni, in mun gama zan jefa shi a murhu, magana ta mutu. Ta tambaye ni saura nawa. Na ce karatun kwana biyu. Ta ce: "To. Ƙarasa shafa man, ƙafar hagu ba ta samu ba."

Ranar ƙarshe rakuba ta cika har da matan da ba na layinmu ba. Masoyan suka tsira, garuruwan biyu suka sasanta, aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana biki. Na karanta layin ƙarshe na rufe littafin. Aka yi guɗa, amarya tana share ido, matar kawu tana cewa ai ita tun farko ta san yarinyar kirki ce. Mai kisra ta sauke jabana daga wuta za ta fara zubawa. A nan Habboba ta yi magana.

"Kuyangar fa?"

Na ce littafin bai faɗa ba. Tun da aka ja ta gaban sarki bai sake ambatonta ba.

"An kashe ta, ko an sayar, ko an yafe?"

"Bai faɗa ba, Habboba."

"To koma baya. Wurin tsagar nan. Ki karanta yadda yake, ki sa yatsa."

Na dube ta da roƙo a idona. Ba ta ɗauke kai ba. Na buɗe, na nemo shafin, na sa yatsa na karanta. Babu kalmar da na tsallake. Da na kai ƙarshe ba wadda ta motsa. Kowacce ta sunkuyar da kai tana kallon riɗin da aka riga aka tsince.

Habboba ta ce: "Ya jama'a, ku ɗaga kai. Fuskar dai ita ce wadda kuka sani."

Sannan ta ba da labarin da ban taɓa ji ba, a hankali, kamar mai lissafa kayan miya. Mahaifiyarta kuyanga ce. Ta biyo uwargijiyarta 'yar sarki ne a hanyar Makka, ita a ƙafa da kaya a ka, uwargijiya a kan jaki. Da suka kusa nan zazzaɓi ya kayar da ita, ayari ba ya jira, aka kwantar da ita a gindin wata bishiya da goran ruwa aka wuce. Makiyaya suka tsince ta. Da ta warke ta shiga yankan dawa, ta auri wani ɗan ƙwadago irinta. Ranar sunan 'yarta ta kira wanzami, ta zana masa da gawayi abin da zai tsaga. Mutane suka ce don me, nan ai ba mai mallakar kowa. Ta ce duk kayan da ta ɗauko daga gida na wasu ne, wannan kaɗai ne nata, shi za ta bar wa 'yarta.

"Ita ba ta taɓa ɓoyewa ba," in ji Habboba. "Ni ce. Ranar da aka kawo ni gidan nan, dangin miji suka tambayi asalina, kunya ta kama ni, na ce uwata 'yar sarki ce. Tun daga ranar nake shan finjalin farko da sunan matar da ta bar uwata a gindin bishiya."

Ta gyara mayafinta.

"Shekaranjiya da aka ja yarinyar nan gaban sarki, na ji ku duka kuna tambayar doki. Ba wadda ta tambaye ta. Ni ma ban tambaya ba. Na kwana ina tunani, na ga ashe ni ma na wuce na bar ta. Jikata ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri, kada wadda ta zarge ta. A wurina ta koya."

Na ji motsi a bayan danga, mahaifina ne ya tashi ya bar buhunsa. Mai kisra tana riƙe da jabana tun ɗazu, kuma kowa ya san abin da ake jira ke nan, a ga inda finjalin farko zai nufa. Wallahi na zaci ranarta ce ta zo, shekara nawa tana jiran wannan. Ta zuba, ta tashi da kanta, ta tsallake mata uku, ta durƙusa.

"Karɓi, Habboba, zai huce."

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba, don bai koma ba. Bakin mutane ba ya ɗinkuwa. A bikin da aka yi bayan kaka, a gida na huɗu daga namu, an fita da amarya ba a aiko a kira ta ba. Ta ji guɗar daga tsakar gida, ta ci gaba da jan carbinta. Kawu ya yi mako bai amsa gaisuwata ba, ya ce da ya san abin da ke cikin dilar nan da a kasuwa ya ƙone shi. Matarsa ta daina cewa gidanmu gidan sarauta ne, ta kuma daina cewa komai a madadinsa. Ni kaina na daɗe ina jin kunya, na farko kunyar asalin, daga baya kunyar wannan kunyar, kuma ta biyun ta fi ciwo.

Littafin ban jefa shi a murhu ba. Wata safiya Habboba ta ce in ɗauko shi da alƙalami. A shafin ƙarshe, ƙasan inda labari ya tsaya, akwai fili kamar tafin hannu. Ta ce in rubuta da irin baƙaƙen littafin. Na ce Habboba, wannan fa ƙirƙira ce, kuyangar nan ba a taɓa yin ta ba, kuma labarinta ba irin na mahaifiyarki ba ne.

Ta ce: "Ja'ira, na san ƙirƙira ce. Wanda ya ƙirƙira ya aurar da nasa ya tashi. Bari ni ma in kai tawa gida."

Ta faɗa, ina rubutawa. Ba a kashe ta ba. Ta yi gabas. Ta yi ciwo ta warke. Ta yanki dawa, ta sayi akuya da guminta. Ta haifi 'ya mace. Ta mutu a ɗakinta a Gadarif, ba ta kowa ba ce sai Allah. Daga ƙarshe ta faɗi sunan mahaifiyarta. Ranar na fara jin sa, ni da nake alfahari da matar nan tun ina yarinya. Na rubuta shi a ƙasa, filin ya ƙare daidai nan.

Bayan kaka biyu Habboba ta rasu. Littafin yana cikin akwatina, takardunsa sun yi ja, kuma duk wadda ta ce in karanta mata, har ƙasan shafin nake kaiwa. Amma karatun da ya fi zama mini a rai shi ne na safiyar nan. Da na ajiye alƙalami ta ce in maimaita mata abin da na rubuta. Na ɗora yatsa na fara, ina tuntuɓe a kan rubutun hannuna, ita kuma idonta yana kan yatsan har na kai sunan.